Babba Ba Ya Shiga Sai Da Yaro

Jama'a, wadda ta taɓa son mutum alhali ba ta san ko 'ya'yansa nawa ba, ita kaɗai za ta gane halin da na shiga. Sauranku ku dai karanta. In dariya ce ta zo muku ku yi abarku, ni ma ranar da kaina ya daidaita zan taya ku.

A gidan tarihi nake aiki, a ɓangaren da ake kira Ɗakin Iyali. Sauran ɗakunan gidan duk "kada a taɓa" ne, namu kuwa taɓawar ce aikin. Akwai teburin yumɓu inda yara ke kwaikwayon tsofaffin tukwane. Akwai tsohuwar tafireta da suke bugawa har haruffanta su sarƙe, da tarho irin na da mai juya lamba da yatsa, da kwamfutoci a jikin bango na yin zane. Teburina shi ne na duwatsun ado, baƙaƙe da farare. Ina nuna wa yara cewa kwamfuta, duk wayonta, abu biyu kawai ta sani: a kunne ko a kashe. Farin dutse a kunne, baƙi a kashe, kowane harafi da irin jerinsa. Yaro ya zura harafin farko na sunansa a zare, in ɗaura masa a hannu, ya tafi yana taƙama. Ranar Asabar ake buɗe ɗakin, kuma doka ɗaya gare shi, tana rubuce a ƙofa, Baba mai gadi yana tsare da ita kamar gadon ubansa: babba ba ya shiga sai da yaro.

Shi kuwa wanda ake magana a kansa mai gilashi ne. Wata Talata gilashin akwatin wata tsohuwar na'urar lissafi ya tsage, aka kira shi ya canza. Dogo ne, ba ya ɗaga murya, yatsunsa biyu naɗe da filasta. Ni aka sa in riƙe masa ƙofa. Ya tambaye ni me na'urar take yi, na faɗa masa abin da na sani, ya tsaya yana saurare har na kai ƙarshe. Abin ya ba ni mamaki, don ni na saba ni ce mai sauraro. Da zai tafi ya karɓi lambata, wai don ya riƙa tambayar lokacin buɗewa. Lokacin buɗewa kuwa ga shi nan a rubuce a bango, da manyan baƙaƙe.

Bayan mako biyu sai ga shi ranar Asabar da wata yarinya fara sol mai gashin gira a haɗe.

"Baba, zo ka ga!" in ji ta.

Na ce a raina, to, yarinya ɗaya ce. Asabar ta gaba ya zo da wani yaro baƙi wuluk mai kunnuwa kamar murfin tukunya. "Baba, ɗaure mini." Ta gaba, 'yan mata biyu masu kama ɗaya. Ta gaba, wata doguwa mai wushirya wadda ta kusa kai kafaɗata. In ban da 'yan biyun, babu mai kama da wani, babu mai kama da shi, kuma kowa Baba yake ce masa. Na yi ta ƙirge har na bar wa Allah. In na kwanta sai in yi ta raba su: wannan da wannan uwa ɗaya, wancan kuwa dole uwarsa daban. Sai lissafin ya ba ni mata uku, wani lokaci huɗu.

Za ku ce me ya hana ni tambaya. Ai shi ne. Bakina nauyi gare shi tun ina ƙarama. Ina iya zama in saurari tsohuwa tana ba jikokinta labarin tarho har a rufe gida, amma in buɗe baki in ce "yaran nan naka ne?" sai harshena ya zama dutse.

Kuskuren da na yi, na gaya wa autarmu. Auta ta gaya wa Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu. Gwaggo kuwa gidan rediyo ce mai ƙafa.

Ranar Alhamis da yamma ina shirin tafiya makarantar manya, na saka hijabina ruwan toka, jakar littattafai a kafaɗa, sai ga ta ta ɗaga labule. Inna tana bakin keken ɗinkinta tana kafa hannun riga, fanka tana ta ƙugi a sama kamar za ta faɗo. Gwaggo ta zube a kujerar nan tamu mai rami a tsakiya, ta warware gyale.

"Ke, ajiye jakar nan. An ce kin yi kamu."

"Gwaggo, zan makara."

"Kin riga kin makara, ɗiyata, tun ba yau ba. Ƙannenki biyu da kika goya suna ɗakunansu, ke kina can kina jera duwatsu kamar mai duba. Mutumin yana da sana'a?"

"Yana da."

"Yana salla?"

"Yana yi."

"To me ake jira, saukar wahayi?"

Inna ba ta ɗago ba. Ba ta taɓa kiran sunana ba, kasancewata 'yar fari, sai dai "ke" ko "'yar nan". Ƙafarta tana kan keken ta ce, "An ce da garken yara yake yawo."

"To sai me?" in ji Gwaggo. "Ai shaida ce, an san gidan ba zai yi shiru ba."

Nan keken ya tsaya. Inna ta cire tabarau ta ajiye a kan yadin.

"Lokacin da ciwo ya kwantar da ni, wa aka cire daga makaranta? Sa'o'inta suna aji, ita tana wanke kashin ƙannenta. Sai da ta zama budurwa ta koyi rubuta sunanta. Yanzu da ta kusa zana jarrabawa, kike so in miƙa ta ta je ta goyi na wata? Ba da ni ba." Ta juyo gare ni. "Ki ji da kyau, 'yar nan. In nasa ne, ko ɗaya ne, a bar maganar."

"Ko ɗaya?" in ji Gwaggo.

"Ko rabi."

Na fita ban san ta inda na bi na isa makaranta ba. Malamin lissafi yana ta bayani a allo, ni kuwa wayata tana ƙarƙashin benci. Saƙonsa ya shigo.

"Malama, barka da yamma. Yau me ake koyo?"

"Lissafi."

"Allah Ya ba da sa'a. Ina da magana. Ina so in turo manyana, in kin ba ni izini."

Na rubuta, "Yaran nan duk naka ne?" Na goge. Na rubuta, "Matanka nawa?" Na goge da sauri kamar wani yana leƙe. Daga ƙarshe abin da na iya turawa shi ne, "Ya yara?"

"Lafiyarsu ƙalau. Duk suna gaishe ki."

Duk. Na kifa wayar a cinya. Malam ya kira ni in fito allo, na tashi na tsaya riƙe da alli, ban ma san tambayar ba.

Asabar ta zo. Na saka riga da siket na atamfa ruwan ganye, mayafi ruwan madara, na ɗora rigar aiki mai manyan aljihu a sama. Sau biyu ina shafa hoda ina gogewa, don ban san ko kwalliyar tarba nake yi ko ta sallama ba. Na ƙudura a raina yau zan tambaye shi, ko da muryata za ta fita kamar ta sauro.

Ɗakin ya cika maƙil. Tafireta tana ta ƙwas-ƙwas, wani uba ya zage yana murza yumɓu ya manta da ɗansa, yara sun yi layi a bakin tarho kowa yana kiran kakarsa. Sai ga shi ya shigo cikin shadda ruwan sararin samaniya, hula a karkace kaɗan, sabuwar filasta a babban yatsa. 'Yan biyun nan ne tare da shi, kowace riƙe da hannu ɗaya. Ya gaishe ni, na amsa ina kallon kwanon duwatsu. Na buɗe baki.

"Dama ina so in ce..."

"Ina ji, Malama."

"Zaren yau ba shi da ƙarfi. A ja a hankali."

Allah Ya isa tsakanina da bakin nan nawa.

Ina cikin ɗaura wa wata yarinya nata, na ɗago, sai na ga abin da ya sa kwanon ya kusa suɓuce mini. Gwaggo ce a bakin ƙofa, cikin leshi ja mai walƙiya, ta ɗora wani ƙaton baƙin gilashi a fuska, wai ita a dole ta ɓad da kama. Bayanta Inna, cikin farin mayafinta na zuwa unguwa, riƙe da hannun wata 'yar mitsitsiyar yarinya da ban taɓa gani ba.

Na ƙarasa da sauri. "Inna, lafiya? Wannan 'yar wa ce?"

"Aro muka yi," in ji Gwaggo cikin raɗa, irin raɗarta da ake ji daga titi. "Wani tsoho mai taurin kai ya tare mu, wai babba ba ya shiga sai da yaro. Na ce ni na haifi tara, ya ce in nuna ɗaya. Sai wata baiwar Allah a layi ta ba mu wannan. Ina mutumin? Kar ki nuna da hannu, nuna da baki."

Ban kai ga nunawa ba. Baiwar Allahn ta shigo bayansu, wata mace mai jiki, da goyo a baya da wasu yara biyu a gefe. Na gane su: mai kunnuwan nan ne da doguwar mai wushirya. 'Yan biyun suna ganinta suka saki zare, duwatsu suka watse a ƙasa, suka ruga.

"Mama! Mama, kin zo!"

Gwaggo ta dafe ƙirji. "La ilaha illallahu. Ga uwargidan ma da kanta."

Ni dai na ce a raina, shi ke nan. Ashe duk uwa ɗaya ce. Ashe tana raye, da ƙibarta da goyonta, kuma hannun 'yarta Inna take riƙe da shi. Inna ta saki hannun a hankali, ta gyara mayafi, ta ce, "Mu tafi. Na ga abin da na zo gani."

Amma Gwaggo ba a haife ta don ta tafi shiru ba. Ta taka har gaban matar.

"Sannu, baiwar Allah. Ashe mijinki ne. To ki sani yana nan yana neman 'yar mutane."

"Mijina?" Matar ta waiga ko'ina. "Mijina yana bakin waldarsa tun safe. Wa kike nufi?"

Gwaggo ta nuna shi, da hannu kuma.

Matar ta dube shi, ta dubi Gwaggo, sai ta fashe da dariya har goyon ya farka. "Mai gilashi? Rufa mini asiri, Hajiya! Maƙwabcinmu ne, shagonsa yana jikin gidanmu. Duk Asabar sai ya zo aron yara, har faɗa suke yi a kan layin wa ya zo. Yau na ce bari in kwaso sauran in zo in ga abin da ake rabawa a nan."

"To Baban da suke ce masa fa?"

Doguwar ce ta amsa. "Shi ya ce mu riƙa faɗa, wai in ba haka ba tsohon ƙofa zai kore mu."

Duk muka juya gare shi. Bawan Allah ya durƙusa yana tsince duwatsu ɗaya-ɗaya, kunnuwansa kamar za su kama da wuta. Ya gaida su Inna a durƙushen, sannan ya ce, kansa a ƙasa, "Asabar ta farko ni kaɗai na zo, aka mayar da ni. Na ga an rubuta Ɗakin Iyali, na ɗauka sai da iyalinka na cikinka."

"Dokar ba ta ce naka ba," na ji bakina ya faɗa. "Yaro kawai ta ce."

"Tsohon bai gaya mini ba."

Gwaggo ta yi dariya har baƙin gilashin ya zamo kan hancinta. "Kai, soyayya ba ta da kunya! Mutum da gemunsa yana yawon aron 'ya'ya."

"Ke da wa kika shigo?" in ji Inna. Na dube ta. Murmushi take yi, Inna da sai a yi wata ba a ga haƙorinta ba.

Gwaggo ta share hawaye da bakin gyale. "To tsaya, ɗan nan, a yi ta a gama. Duk cikin waɗanda ka taɓa kawowa nan, akwai naka?"

"Babu ko ɗaya, Hajiya. Sai dai..."

"Shi ke nan! Ka turo manyanka. Ko ba haka ba, matar yaya?"

Inna ta ce, "Allah Ya tabbatar da alheri."

Da a ce ni mai yawan magana ce, da ban ji "sai dai" ɗin nan ba. Da kuma ban ga maƙwabciyar ta buɗe baki, ta dube shi, ta mayar ta rufe, ta shiga jijjiga goyonta ba. Amma na ji, na kuma gani.

Na kai 'yan biyun bakin famfo inda yara ke wanke yumɓu. Ya biyo ni, ya tsaya ɗan nesa, yana murza filastar yatsansa.

"Malama, ba a bar ni na ƙarasa ba."

Na kasa kunne. Sauraro dai na iya.

"Ina da 'ya. Guda ɗaya. Mahaifiyarta ta rasu tana jaririya. Yanzu ta shiga aji ɗaya."

Ruwan famfon yana ta zuba a hannuna. Na ce, "Wacce ce a ciki?"

"Ban taɓa kawo ta ba."

"Ka kwaso na unguwa kaf, ka bar taka a gida?"

"Saurin sabo gare ta. Duk macen da ta yi mata fara'a sau biyu, sai ta tambaye ni ko ita ce za ta zauna da mu. Na ji tsoron in kawo ta ta saba da ke, ki zo ki ce a'a. Ni zan iya ɗauka. Ita ban sani ba."

Jama'a, ku gaya mini, haushi ya kamata in ji ko tausayi? Mutumin da na ɗauka yana da garke ya zama ba shi da ko ɗaya, kafin in gama hamdala ya zama yana da ɗaya, kuma ɗayar ita ce wadda ban taɓa gani ba. Na rufe famfon. Na hango Inna ta zauna a kujerata, a teburina, ta ɗauki zare tana juya shi. Gwaggo tana can ta maƙala kan tarho a kunne tana yi wa wani yaro faɗan layi.

Babu wanda ya tambaye ni. Inna ta riga ta sa albarka. In na yi shiru, halina ne, ba wanda zai ce na yi ƙarya. Manya su zo, a sa rana, maganar ta fito daga baya lokacin da janyewa ta zama abin kunya. Duk wannan ya zo mini a rai, ba zan ɓoye muku ba, kuma ya yi mini daɗi.

Na je na durƙusa a gefenta.

"Ke, nuna mini," in ji ta. "Na farkon sunanki, yaya ake jera shi?"

Inna ba ta iya karatu ba. Na zaɓo duwatsun na jera mata a tafin hannu, fari nan, baƙi nan. Ta shiga zurawa tana lumshe ido ɗaya kamar mai saka zare a allura.

"Inna."

"Uhm."

"Yana da 'ya ɗaya. Uwarta ta rasu. Yanzu ya gaya mini."

Hannunta ya tsaya. Ba ta dube ni ba. Gwaggo, wadda kunnenta ke jin motsin ƙuda a wata unguwa, ta saki tarhon ta iso.

"Ɗaya ce fa, matar yaya. Marainiya kuma. Ai lada..."

"Yi mini shiru."

Gwaggo ta yi shiru, abin da ban taɓa gani ba. Tafireta tana ta bugawa a bayanmu. Inna ta daɗe tana kallon zaren, har na fara jin gwiwoyina suna ciwo. Na san abin da za ta ce, na ma fara shirya yadda zan isar masa ba tare da na yi kuka a gaban yara ba.

"Wa ke yi mata kitso?"

"Na'am?"

"Kurma kika zama? Je ki tambaye shi. Yarinyar, wa ke yi mata kitso, wa ke yi mata wanka, wa ke kai ta makaranta."

Na tashi na je. Ya saurara, ya ce shi ne. Mahaifiyarsa tana nan, wurinta yarinyar take wuni ranar Asabar, amma hannunta rawa yake yi, ba ta iya riƙe mataji. Ya laluba wayarsa ya miƙo mini hoto. Na kawo wa Inna ban ko duba ba.

Ta saka tabarau. Ta nisanta wayar, ta matso da ita. Na leƙa ta kafaɗarta: wata 'yar siririya mai manyan idanu, cikin rigar makaranta a goge tsaf, tana dariya da giɓin haƙori. A kanta kuwa wasu kitso guda huɗu, ɗaya ya yi gabas, ɗaya ya yi sama, tsagar ta karkace kamar hanyar tururuwa.

"Inna lillahi," in ji Gwaggo. "Da abin yankan gilashin ya tsaga?"

Inna ta daɗe a kan hoton. Ta sa yatsa ta shafi wuyan rigar, inda guga ta kwanta. Sannan ta miƙo mini wayar.

"Wannan ba kitso ba ne, zalunci ne. Ya kawo ta gida gobe in tsefe wannan ta'asa. Shi ya tsaya a waje."

"Inna, kin yarda ke nan?"

"Na ce miki na yarda? Kan yarinya ake magana. Kuma littafinki ko shafi ɗaya ba za ki ajiye ba, ko wa ya zo." Ta koma kan zarenta. "Bayan farin nan wanne ne, baƙi?"

Na ce baƙi ne. Na mayar masa da wayar, yana tsaye inda na bar shi, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Me ta ce?"

"Ta ce ba ka iya kitso ba."

"Wannan na sani. E ce ko a'a?"

"Wallahi ni ma ban sani ba," na ce. "Ka dai kawo ta gobe da hantsi. Kuma ka gaya mata tun a hanya, Inna hannunta da zafi."